Makomar Taragun Fasinja Bayan Sun Gama Aiki

Taragon fasinja na jirgin ƙasa akan ƙera shi ne da nufin ya yi shekara 30 zuwa 40 a bakin aiki. Cikin wannan lokaci yakan ci miliyoyin kilomita, rana ta gasa shi, ruwan sama ya dake shi, jama'a su yi ta hawa da sauka dare da rana. Babban tarago yakan kai tan 30 zuwa 50 a nauyi, tsawonsa kuma ya haura mita 20. Saboda haka ranar da aka ce ya gama aiki, ba kaya ne da za a jingine a bayan ɗaki a manta da shi ba. Dole hukumar jirgin ta san yadda za ta yi da shi: ko a yanka shi a narkar, ko a sake gina shi ya koma kan dogo, ko a sayar wa wata ƙasa, ko a nema masa wani aikin da ba na ɗaukar fasinja ba.

Ba yawan shekaru kaɗai ke sa a sallami tarago ba, kuma ƙasashe sun bambanta ƙwarai wajen wa'adin da suke ɗibar masa. Hukumar jiragen ƙasa ta Indiya ta yanke wa tsofaffin taragunta samfurin ICF shekara 25, sababbi samfurin LHB kuma shekara 35. A Japan, jirgin nan mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen, wanda ke zirga-zirga tsakanin Tokiyo da Osaka, akan sauke taragunsa bayan kimanin shekara 13 kacal, domin jirgi ne da ke kai kilomita 285 a awa, kuma ba ya hutawa. A Ajantina kuwa, taragun katako da aka ƙera a Beljiyam sun yi ta jigila a ƙarƙashin birnin Buenos Aires tun daga 1913 har zuwa Janairun 2013, wato shekara 99.

Babban abin da ke kashe tarago shi ne tsatsa. Takan fara ne daga inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin daɓe, gindin tagogi, da kewayen ban ɗaki, wuraren da ruwa ke kwanciya. Bayan tsatsa sai gajiyar ƙarfe, wato 'yan siraran tsage-tsage da girgizar yau da gobe ke haifarwa a bakin walda da jikin firam ɗin da ke riƙe da ƙafafu. Akwai kuma dalilan da ba su shafi lafiyar taragon ba sam. Kamfanin da ya ƙera shi yana iya rufewa, kayan gyara su yanke. Doka tana iya canzawa, kamar yadda Birtaniya ta sa farkon 2020 ya zama wa'adin da kowane jirgin fasinja zai dace da bukatun naƙasassu, abin da ya kawar da taragu masu yawa waɗanda da hannu ake buɗe ƙofofinsu. Wani lokaci ma dogon kansa ake sauyawa, sai tarago ya wayi gari ƙafafunsa ba su dace da sabuwar hanyar ba.

Kafin a yanke hukunci, injiniyoyi sukan tuɓe taragon su duba gangar jikinsa, domin ita ce ke raba gardama. Kujeru da wayoyi da birki da fitilu, har ma da ƙafafu, duk ana iya sauya su. Gangar jiki ce ba ta sauyuwa. In da baƙin ƙarfe na gama-gari aka yi ta, kuma tsatsa ta riga ta ci ginshiƙanta, kuɗin gyara sai ya tasam ma kuɗin sabo. In kuwa sanholo ce, wato alminiyum, ko irin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, tana iya ninka wa'adin da aka ɗibar mata.

Mafi yawan taragu a filin 'yan gwangwan suke ƙarewa, kuma aikin yana da tsarinsa. Da farko akan kwance duk abin da zai yi amfani a jikin 'yan'uwansa da ke kan aiki: ƙafafu, injinan lantarki, na'urorin birki, ƙofofi, da na'urar sanyaya ɗaki. Ta haka tarago guda da aka sallama yakan tsawaita ran wasu da dama. Daga nan sai a tsiyaye mai da giris, a zuƙe iskar na'urar sanyi cikin tukwane, a cire batura, a fitar da gilasai da kujeru da katako. Wayoyin jan ƙarfe akan ware su gefe, domin sun fi komai tsada a kan sikeli. Ƙwarangwal ɗin da ya rage shi ake yankawa, ko da wutar gas, ko da wani ƙaton almakashi da ake ɗaura wa motar tono, a mayar da shi gunduwa-gunduwa daidai bakin tukunyar narka. Maganaɗisu ke raba baƙin ƙarfe da sauran, kuma baƙin ƙarfen yakan dawo kasuwa ya zama rodi ko faranti.

Sanholo ya fi samun tagomashi. Narkar da tsohonsa ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake bukata wajen tace sabo daga ma'adini. Maƙeran tukwane sun daɗe da sanin darajarsa. Wahalarsa ita ce gauraye: fenti, kusoshi, da bambancin haɗi tsakanin wannan sashe da wancan suna rage masa inganci, har ya zama sai kayan da ba su da muhimmanci ake iya yi da shi. Kamfanin JR Central na Japan ya shawo kan wannan matsala ta hanyar tsaftacewa da tantancewa da kyau, har ya zamana a sabon jirginsa samfurin N700S, wanda ya fara aiki a Yulin 2020, kantar ajiye kaya da ke saman kujeru da sanholon tsofaffin taragun Shinkansen aka yi ta.

Abin da ke mayar da wannan sana'a mai hatsari shi ne asbesto. Taragu da yawa da aka ƙera kafin shekarun 1980 an fesa musu shi ko an shimfiɗa shi tsakanin bangon waje da na ciki, da ƙarƙashin daɓe, da kewayen na'urorin lantarki, domin yana tare zafi kuma wuta ba ta cin sa. Muddin yana rufe ba a taɓa shi ba, illarsa kaɗan ce. Da zarar an yanka ko an ƙona, sai ya tashi ƙura mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani, su shige huhu su zauna. Cututtukan da suke jawowa, har da sankarar huhu da ta fatar da ke rufe huhun, sukan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin su bayyana, lokacin mai yankan ya daɗe da mantawa da taragon. Ƙa'idar aikin ita ce a rufe taragon ruf cikin tanti, a jiƙa asbeston don kada ya tashi, ma'aikata su sa rigar kariya da abin shaƙar iska, sannan a ɗaure shi cikin buhuna ninki biyu a binne a wurin da hukuma ta ware. Wannan duka kuɗi ne, kuma wani lokaci yakan cinye ribar ƙarfen gaba ɗaya.

Birnin Leicester na Ingila ya ɗanɗana abin da ke faruwa in abu ya kuɓuce. A can akwai filin wani dillalin tsofaffin jirage mai suna Vic Berry, inda aka jibge taragu bisa juna hawa-hawa suna jiran yanka. A watan Maris na 1991 gobara ta tashi a filin, ta yi sa'o'i tana ci, ƙurar asbesto ta bazu a kan unguwannin birnin. Filin bai sake farfaɗowa ba. Duk wanda ya sa leburori su far wa tsohon tarago da wutar gas ba tare da an fara bincika bangonsa ba, ya sayi ribarsa ne da huhun mutanen da ba su san abin da suke shaƙa ba.

Tsadar cire asbesto tana cikin abin da ya kai hukumar sufuri ta birnin Niyok ga wata dabara da ba a saba gani ba. Daga 2001 zuwa 2010 ta nutsar da tsofaffin taragun jirginta na ƙarƙashin ƙasa fiye da 2,500 a tekun Atlantika, daura da gaɓar jihohi irin su Delaware, New Jersey, Virginia, South Carolina da Georgia. Akan cire ƙafafu da ƙofofi da gilasai, a wanke maiƙo tas, a loda su a kan faffaɗan jirgin ruwa, sannan a tunkuɗa su cikin teku ɗaya bayan ɗaya. Ƙasan tekun wannan yanki yashi ne zalla, ba dutsen da halittun ruwa za su maƙale. Tarago ya zame musu dutse: ƙananan halittu masu ɓawo suka manne a bangonsa, ƙananan kifaye suka sami maɓoya, manya suka biyo su, masunta kuma suka biyo manyan. A wuri guda kawai daura da Delaware an zuba ɗaruruwan taragu na samfurin da mutanen Niyok ke kira Redbird saboda jan fentinsu.

Sai dai a nan lissafin ƙarfe ya juye. Taragun Redbird na baƙin ƙarfe ne, kuma sun jure zaman teku. Waɗanda aka zuba daga baya, na ƙarfen da ba ya tsatsa, an yi zaton za su fi daɗewa, amma ruwan gishiri ya ci ɗigo-ɗigon waldar da ke haɗe da farantansu, suka wargaje cikin ɗan lokaci. 'Yan'uwansu kuwa da aka bari a kan dogo, samfurin R32 da kamfanin Budd ya ƙera a 1964, sun ci gaba da ɗaukar fasinja har zuwa Janairun 2022.

Wannan kamfani na Budd shi ne ya ƙera taragun da suka zama babbar hujjar masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Jirgin da ake kira The Canadian, mai tafiyar kilomita 4,466 tsakanin Toronto da Vancouver a Kanada, yana jan taragun da aka ƙera a 1954 da 1955. A farkon shekarun 1990 aka tuɓe su har ƙwarangwal, aka cire tsohon tsarin ɗumama ɗaki da tururi, aka sa na lantarki, aka sauya wayoyi da kayan ciki, aka mayar da su kan hanya. Sake gini na gaskiya ke nan. Ya bambanta da kwaskwarima, wadda ba ta wuce fenti da sabon yadin kujera. A sake gini akan ɗaga gangar jikin daga kan ƙafafunta, a kankare ta, a bi waldarta da na'urar gano tsaga, a yanke inda ya ruɓe a sa sabo, sannan a fara ɗora kaya kamar yau aka fara ƙera ta.

Wani lokaci sake ginin yakan canza wa jirgi ɗabi'a gaba ɗaya. Taragun samfurin D78 sun yi aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan daga 1980 zuwa 2017. Jikinsu na sanholo ne, kuma lafiyarsa ƙalau. Wani kamfani mai suna Vivarail ya sayi fiye da 200 daga cikinsu, ya ɗaura wa wasu injin dizal a ƙarƙashi, wasu batir, domin su yi aiki a ƙananan layukan karkara da ba su da lantarki. Wasu kuma aka kai su tsibirin Isle of Wight a 2021, inda suka gaji wasu tsofaffin taragun Landan ɗin da aka ƙera tun 1938. Dalilin da ya sa wannan tsibiri ya daɗe yana rayuwa da kwancen Landan shi ne akwai wani rami da dogon ke bi a garin Ryde, mai gajeren rufi, wanda babban jirgi ba ya iya shiga.

Ƙarshen Vivarail bai yi daɗi ba. A Disambar 2022 kamfanin ya durƙushe, kuma nan take jiragensa da ke aiki tsakanin Bedford da Bletchley suka tsaya, domin babu mai kula da su. Aka koma ɗaukar fasinjojin layin a bas na tsawon watanni. Jirgin da aka sake ginawa 'yan ƙwaya kaɗan, wanda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ne ya san sirrin cikinsa, ransa yana hannun wannan kamfani.

Hanya ta uku ita ce sayarwa ga wata ƙasa, kuma nan ne aka fi samun riba, nan ne kuma aka fi yin asara. Sharaɗi na farko shi ne faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu. Mafi yawan duniya tana amfani da milimita 1,435. Yawancin layukan Japan, da Indonesiya, da Afirka ta Kudu, da tsohon dogon Nijeriya, milimita 1,067 ne. Indiya tana da 1,676. Bayan faɗin dogo sai ƙarfin lantarki da hanyar da jirgin ke jan sa, ko daga wayar sama ko daga wani ƙarfe na uku da ke gefen dogon. Sai kuma tsayi da faɗin taragon, domin ya wuce ƙarƙashin gadoji ya kuma dace da dandamalin tasha.

Babu inda waɗannan sharuɗɗa suka haɗu kamar tsakanin Tokiyo da Jakarta, babban birnin Indonesiya. Faɗin dogonsu ɗaya, lantarkinsu ɗaya, bolt 1,500 daga wayar sama. A shekarar 2000 hukumar birnin Tokiyo ta ba Jakarta kyautar taragu 72. Daga nan ƙofa ta buɗe. Tsakanin 2013 da 2020 kamfanin JR East kaɗai ya aika taragu fiye da 800 na samfurin 205, masu jikin ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda suka yi shekara ashirin da wani abu ko talatin suna aiki a kewayen Tokiyo. Gyaran da aka yi musu kaɗan ne: aka sa ƙarfen kare gaba, aka sauya fenti, wasu aka sa musu raga a gilashin direba saboda masu jifa. Sun zo da na'urar sanyi da ƙofofi masu rufe kansu, a birnin da a da fasinjoji ke hawa har kan rufin jirgi. Abin da ya sa cinikin ya yi albarka bai tsaya ga taragun ba. An sayi samfuri ɗaya da yawa, don haka makanikai suka ƙware a kansa, kayan gyara suka wadata, kuma kamfanin na Japan ya tura ma'aikatansa suka koyar da yadda ake kula da su. Duk da haka a 2023 gwamnatin Indonesiya ta ƙi amincewa da ƙarin shigo da na hannu, ta fi son a sayi sababbi kuma a raya masana'antar cikin gida.

Inda sharuɗɗan ba su cika ba, sai an yi dabara. Tailan ta karɓi taragun dizal 17 daga tsibirin Hokkaido na Japan a 2021, amma sai da aka matse ƙafafunsu daga milimita 1,067 zuwa 1,000. Filifin ta karɓi taragun lantarki alhali dogonta ba shi da wayar sama, sai ta riƙa jan su da kan jirgi mai dizal.

Buenos Aires ta ga fuskokin cinikin guda biyu a layi ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 ta sayi jajayen taragun layin Marunouchi na Tokiyo sama da ɗari, waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960. Sun ɗan yi siranta, har suka bar tazara tsakaninsu da dandamalin tasha, sai aka ƙara musu baki a gefe don kada ƙafar fasinja ta zurma. Sun yi aiki shekaru da dama, har a 2016 aka mayar da huɗu gida Tokiyo don a adana su. A 2011 kuma birnin ya sayi wasu na hannu daga Madrid ta Sifen. A 2018 ta bayyana cewa suna ɗauke da asbesto, aka janye su daga aiki, ma'aikata suka yi ta yajin aiki suna neman a duba lafiyarsu, kuma binciken da ya biyo baya ya gano asbeston a wasu jiragen ma, har da na Japan ɗin. Mai sayen kwance yana gadon cutar kayan tare da arharsu, shi ya sa takardun tarihin gyara da shaidar gwajin asbesto suka fi fentin tarago muhimmanci a wajen ciniki.

Jihar Legas ma ta shiga wannan kasuwa. An taɓa shirin kawo mata tsofaffin taragun ƙarƙashin ƙasa na Toronto domin layinta na Blue Line, amma cinikin bai kai ga nasara ba, akasarinsu suka ƙare a hannun masu yanka, layin kuma ya fara aiki a 2023 da sababbin jirage daga China. A 2022 jihar ta sayi jirage biyu ƙirar Talgo da aka yi wa jihar Wisconsin ta Amurka, waɗanda siyasa ta sa aka fasa aikinsu, suka yi kimanin shekara goma a ajiye ba su taɓa ɗaukar fasinja ba. Layin Red Line kuwa, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, ya sami jiragen InterCity 125 na Birtaniya, samfurin da ya fara aiki a 1976. Sun dace ne domin da dizal suke aiki kuma faɗin dogonsu 1,435 ne, daidai da sabon dogon Legas zuwa Ibadan. Meziko ma ta sayi irinsu.

Tarago da ba zai ƙara ɗaukar fasinja ba yana iya ci gaba da tafiya da wani aikin. Indiya takan ɗauki taragun ICF da suka kai kimanin shekara 20, ta kwashe kujeru, ta toshe tagogi, ta buɗe ƙofa a ƙarshen taragon, ya koma ɗaukar sababbin motoci daga masana'anta. A 2020, lokacin annobar korona, ta mayar da fiye da 5,000 ɗakunan keɓe marasa lafiya. Tun 1991 kuma akwai jirgin asibiti mai suna Lifeline Express da ke kai aikin tiyata ƙauyuka cikin taragun da aka gyara. Wanda ba zai iya tafiya ba akan sauke shi daga ƙafafunsa a aza a kan tubali. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da gidaje suka yi wuya a Ingila, mutane sun sayi irin waɗannan sun mayar da su muhalli a garuruwan bakin teku. A birnin Mysuru na Indiya an mayar da biyu azuzuwan makarantar firamare. A ƙasa mai zafi dai sai an yi wa irin wannan ɗaki rumfa a sama, domin akwatin ƙarfe a tsakar rana tanda ne.

'Yan kaɗan ne ke samun shiga gidan tarihi. A 1977 wani attajiri Ba'amurke, James Sherwood, ya sayi taragu biyu na shahararren jirgin Orient Express a wajen gwanjo a Monte Carlo, ya bi sauran ya tattaro daga inda suka warwatsu, wasu ma an riga an mayar da su ɗakunan lambu, ya gyara su, a 1982 suka koma jigilar masu hannu da shuni tsakanin Landan da Venice.

Labarin Saliyo ya fi wannan kusa, ya kuma fi shi ban mamaki. Ƙasar ta rufe dogonta, mai faɗin milimita 762 kacal, a tsakiyar shekarun 1970, aka sayar da ƙarafan da jiragen ga masu yanka. Wata ƙungiyar masu raya tsohon dogo a Wales, ta layin Welshpool zuwa Llanfair, wanda faɗinsa ya zo ɗaya da na Saliyo, ta sayi kan jirgi ɗaya da taragu huɗu a 1975. Wasu ma'aikatan reluwen kuma suka kulle wasu kawuna da taragu a cikin ma'aikatar gyara ta Cline Town a birnin Freetown, suka hana a yanka su. Cikinsu har da taragon da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu domin ziyararta ta 1961, wanda ba ta kai ga shiga ba. Kayan suka yi shekara talatin a wurin. Lokacin yaƙin basasa 'yan gudun hijira suka cika ginin suna kwana a tsakaninsu. A 2004 wani hafsan sojan Birtaniya, Kanar Steve Davies, ya ci karo da su, ya haɗa kai da matasan unguwar aka share aka gyara, kuma a 2005, zamanin shugaba Ahmad Tejan Kabbah, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihin jirgin ƙasa na Saliyo. Abin da ya cece su rufin kwano ne da ƙofa mai kwaɗo.

A Nijeriya tambayar tana nan a buɗe. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, duka a kan faɗin 1,067. Sababbin layuka kuwa, Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, da wanda ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi a Nijar, duk 1,435 ne. Ma'ana, babu tsohon taragon da zai hau sabon dogo sai an sauya masa ƙafafu. Ƙasar ta taɓa ganin irin wannan: ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, kuma ɗan abin da ya tsira daga kayansa yana gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta ta Legas ma, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, akwai ƙaramin gidan tarihi a ginin da ake kira Jaekel House.

Makoma ta ƙarshe ita ce wadda ba wanda ya zaɓa, kuma ita ce mafi muni: a tura tarago layin gefe a bar shi ana jiran umarni. Duk wanda ya saba wucewa ta manyan tashoshin tsohon dogo ya san kamanninsa. Wayoyin jan ƙarfe ke fara ɓacewa, sai famfuna da hannayen ƙofa, sai gilasai. Da zarar taga ta buɗe ko rufi ya tsage, ruwan damina ya sami hanya, ya kwanta a ƙarƙashin daɓe, tsatsa ta kama ginshiƙan da a da za a iya ginawa a kansu. Giris ɗin ƙafafu ya bushe, birki ya manne, ciyawa da itatuwa su tsiro tsakanin ƙarafa. Cikin 'yan damuna kaɗan taragon da za a iya gyarawa, ko a sayar, ko a mayar aji ko ɗakin shan magani, ya koma abin da ba ya jawuwa ko da kan jirgi. A lokacin sai dai a kawo tukwanen gas a yanka shi nan inda yake tsaye, sau da yawa kusa da gidajen mutane, kuma a sayar da shi a kan kuɗin nauyin ƙarfen da tsatsa ta rage.